Fuskar Mai Busa Gora

Litinin, 5 ga Mayu, 1975
Ya fito! Littafin zanena na uku, "Jika Mai Tambaya". Hedimasta ya ba ni aron injin buga takardu na makaranta, Allah ya saka masa, hannuwana baƙi ƙirin da tawada. Wannan karon yarinyar littafin tana tambayar kakanta: abin da kowa ya yarda da shi, shi ne gaskiya? Sai na zana ɗakin dodo irin na ƙauyenmu, na cire bango ɗaya. Ga mata a waje a tsorace, ga maza a ciki suna busa gora, wato muryar da ake cewa ta kakanni ce. Ni dai aikin ya burge ni.

Laraba, 7 ga Mayu
'Yan aji shida har faɗa suke a kansa. Gilbert na tashar jirgi ya ce ya karanta wa 'yan loko, masu gyaran jirgin ƙasa, har shayinsa ya huce, amma wai kakan ya cika surutu. Gaskiyarsa. Fasto Obadiah kuwa cewa ya yi, "Malam Meshak, madalla, ka tone ayyukan duhu." Na dawo gida kaina a kumbure. Na gode musu duka.

Asabar, 10 ga Mayu
Na hau keke na je gida, can bayan Kagoro. Ashe ɗan wana ya riga ni kai littafin. Baba bai iya karatu ba, amma zane ba ruwansa da makaranta, abin da na manta ke nan. Na gaishe shi, ya dubi dutse. Na sake, ya ɗauki fartanya ya fita. Shi ɗan ɗakin dodo ne kafin a yi masa baftisma. Tun da nake bai taɓa ƙin amsa gaisuwata ba.

Lahadi, 11 ga Mayu
Ko kalma ɗaya ta wa'azi ban ji ba.

Laraba, 14 ga Mayu
Mama ta kawo citta kasuwar Kafanchan, ta biyo ta wurina. Na ce mata na fasa ƙwai, mata sun ga abin da aka hana su gani. Ta yi dariya har da hawaye. "Kai, yaron nan! Wa ke dafa wa dodo wake? Dodon da ke tari irin na ubanka? Tun muna amare muka sani, ƙyale su muka yi."
Na ce to me ya ɓata masa rai? "Ba ka da baki ne? Je ka tambaye shi."
Kai, Mama! Allah ya bar mini ke.

Asabar, 17 ga Mayu
Na same shi a gona. Na kama noman kunyar da ke kusa da tasa. Sai da rana ta take ya zaro littafin daga aljihu, duk ya jiƙe da zufa. Ya ɗora yatsa a kan mai busa gorar.
"Me ya sa yake dariya?"
Na ce ai sun san yaudara suke yi.
Ya ce, "Da kakanka ya mutu, ni na busa. Uwata tana waje tana kuka, so take ta ji mijinta ya ce ya sauka lafiya. Na ba ta. Da ƙyar numfashi ya fito mini. Na bar hanyar nan, na bi Yesu, ba ni komawa. Amma kada ka sa mini dariyar da ban yi ba."
Na ci gaba da noma. Can ya miƙo mini butar ruwa, ya kira ni da sunan gida. Na amsa da ƙarfi kamar yaro. Na gode, ya Ubangiji, na gode.
A hanya nake ta juya shi: to Kaka ma ta san muryar ɗanta ce ke nan? Kuma ta share hawaye.

Talata, 20 ga Mayu
Hedimasta ya ce a ƙara bugu, makarantar Fadan Kagoma tana so. Stensil na shafin dodo, wato takardar zanen da ake sa wa inji, ya ɗan yage a gefe, don haka zan sake shi, ba don komai ba. Ra'ayina yana nan, ƙarya ƙarya ce. Na zana ɗakin, na zana gorar, na zo kan fuska na daɗe ina zaune. Fasto zai tambaya me ya sa mutumin ya daina dariya. Zan ce hannuna ne ya goce.
Ba zai shiga inji ba sai Baba ya gani.