Turken da Ke Tsakar Gidan Malam Gajere

Shehu Ɗantani,
Damri, ta Bakura,
Jihar Sakkwato.
12 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sauraron Koken Manoma,
Talata Mafara.

Ranka ya daɗe,

Game da: Turken awo da aka kafa a gidan Malam Isa Gajere, da ciwon da ya biyo baya

Bayan gaisuwa irin ta ladabi, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, ina rubuto wannan takarda a madadin kawuna, Malam Isa, wanda duk Damri ke kira Gajere alhali sai ya sunkuya yake shiga zaure. Bai san na rubuto ba. Da ya sani da ya hana, domin a wurinsa kai kukan hukuma rashin tarbiyya ne.

1. A watan Maris na 1977, masu awon ƙasa na aikin madatsar ruwa suka shiga gidansa, suka kafa turken katako mai jan fenti tsakanin rumbu da ɗakin matarsa, Marka. Suka ce babbar hanyar ruwa ta nan za ta bi, kada ya yi sabon gini ko yaɓe, kuma duk wanda ya taɓa turken shi da hukuma. Suka ce za su dawo. Har yau ba su dawo ba.

2. Maƙwabtansa da aka yi wa haka tuni suka tuge nasu suka hura wuta. Shi kuwa ya ɗauki abin amana. Ya kewaye turken da ƙaya saboda awaki, shingen ya yi ta faɗi har ya kusa toshe hanyar zaure, sai a kaikaice ake wucewa. Ya bar zuwa kasuwar Talata, inda a da tun daga rumfar albasa ake jin dariyarsa. Da ƙanensa ya rasu a Faru bai je ba, wai kada ma'aikata su zo su tarar ba ya nan. Mun yi masa tsiya har muka gaji, yanzu ba mai dariya.

3. Bara aka haƙa hanyar ruwan, ta wuce ta bayan gari, nesa da gidansa. Na kai shi ya gani da idonsa. Ya duba, ya ce wannan wata ce daban, tasa tana tafe, tunda waɗanda suka kafa ba su ce sun fasa ba.

4. Ranka ya daɗe, ga abin da ya samu jikinsa. Da ya ji ƙarar mota sai ƙirjinsa ya kama bugawa, gumi ya karyo masa. Barci ya ƙaurace, ƙishirwa da yawan fitsari suka zo, ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Mura ba ta sakinsa. Ƙayar shingen ta karce shi a ƙwauri tun farkon damina, karcen da yaro ba zai yi wa kuka ba, ga shi ya zama gyambo. A ranar 2 ga Oktoba na samu ya bi ni asibiti a Gusau, bayan Marka ta rantse masa za ta tsare turken, ba za ta gusa daga bakin shingen ba har mu dawo. Likita ya sami hawan jini da ciwon suga. Ya yi mini bayani cewa mai fargaba jikinsa yakan zuba wasu sinadarai cikin jini domin shirin gudu. In fargabar ta wuce su lafa, in ta zauna sai su riƙa wahalar da zuciya, su tayar da suga, su raunana garkuwar jiki. Ya ba da magani, ya ce magani kaɗai ba zai isa ba muddin abin da ke tsorata shi yana nan.

5. Yanzu ma ba ya nuna tsoron. Yana zaune ne kawai gaban turken, kamar mai gadin rumbun da ba hatsi. Da aka yi masa albishir da haihuwar jika ya ce to. Ni kaina ina rubutun nan ba na jin fushi, gajiya kawai nake ji.

6. Sau da dama na zo ofishinku na kawo kukan da baki, aka ce wanda ya san zancen an yi masa canjin wurin aiki.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a turo mutum ɗaya, ko masinja ne, muddin yana sanye da kakin aiki, ya tuge turken a gaban kawuna, ya ce masa hukuma ta karɓi amanarta. Gara ta riga ta cinye gindin turken, hannu ɗaya ya isa. Amma hannuna bai yi ba, domin ni ba hukuma ba ce.

Idan aiki ya yi yawa har ba a samu zuwa da wuri ba, ina roƙon a rubuto mana izinin kwashe ƙayar, mu ajiye. Na auna da idona, in ta Allah ta kasance, makara ba za ta wuce ta wurin ba.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Shehu Ɗantani