Barguna Sun Yi wa Jikanki Yawa

Inna,

An sallamo mu daga asibiti yau da safe, jikanki yana barci lafiya. Ina gaishe ki da Baba. Yaya ƙafar tasa?

Kada ki tayar da hankali, tsoron ya fi ciwon yawa. Da na ga dusar ƙanƙara ta rufe motocin layinmu, sai na bi maganarki: hula, safa, rigar sanyi kan rigar sanyi, bargo kan bargo. Na manta na'urar ɗumama ɗaki tana kunne. Jikinsa ya yi zafi rau, ya ƙi kama nono, muka garzaya da shi.

Nas ɗin ta yi ta ɓare shi kamar albasa, tana cewa, "Maman jariri, wai ina yaron a cikin ƙunshin nan?" Ta ce a ɗaki in ƙara masa riga ɗaya kan irin abin da na sa a jikina, in riƙa taɓa ƙeyarsa don jin ɗumin jikinsa, ba hannunsa ba. Hula kuwa sai za a fita.

Babansa, da ya ɗora bargon ƙarshe, yanzu cewa yake dama shi ya faɗa.

Ki ajiye saƙar bargon, safa za ki aiko mana. Ki sa mu a addu'a. An ɗibi jininsa don a tabbatar zafin kaya ne kawai, sakamakon bai fito ba tukuna.

'Yarki