Lemun Tsamin Cikin Gwangwani

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen tsibirinku baki ɗaya. Mu nan unguwar Karantina ta Jidda muna lafiya, sai zafin da ka sani. Umma da Goggo Hassu duk lafiya lau. Na san wani ne zai karanta maka ita a bakin ruwa, mutane suna ji. Mai karatu ya yi haƙuri da Hausata, da Larabci aka koya mana rubutu.

Baba, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina da bishiyar lemun tsami a saman gidanmu, bayan tankin ruwa, cikin gwangwanin man girki. Goggo ta san da ita, har ganyen take tsinka ta sa a shayi. Abin da ba ta sani ba shi ne dalilin da ya sa na shuka ta.

Ka tuna kaset ɗin da ka fara aiko mana, bayan an kama ka a tashar jiragen ruwa an mayar da kai Chadi? Ka ce ka bi mutane zuwa wani tsibiri a cikin tabki, inda ruwa ya janye ya bar baƙar ƙasa. Kun sare ciyawar da ta fi mutum tsawo, kun kafa bukkoki, masara tana fitowa ba tare da ruwan sama ba. Ka ce ka dasa mangwaro da gwaiba da lemun tsami. Sannan ka kira ni da sunan da kai kaɗai kake kirana, ka ce, “Uwata, ranar da lemona ya yi 'ya'ya, zan aiko ku taho.”

A ranar na tsinci ƙwaya daga lemon da Goggo ta matse, na binne ta. A tunanina na yarinya, tunda kusan tare muka shuka, ranar da nawa ya haihu naka ma ya haihu. Ba sai na dami kowa da tambaya ba. In hau sama kawai in duba.

Ka san ruwan unguwar nan sai wayit, motar tankin nan, ta kawo. Ruwan alwalata nake tarewa a kwano in kai wa bishiyar. Ban taɓa barinta ta yini da ƙishi ba.

Tun da na gama firamare aka ce ba gaba sai da iƙama, takardar izinin zama. Goggo ba ta bari in wuce bakin lungu. Ta ce masu kame ba sa tambayar inda aka haifi mutum, takarda suke tambaya. A garin nan aka haife ni, amma rabona da ganin teku kusa tun ranar sallar da ka ɗora ni a wuyanka, ina riƙe da kunnuwanka kana cewa za su cire. Umma tana can Abhur tana aikin gida, sai Juma'a take zuwa, wata Juma'ar ma ba a barinta. Ni kuwa daga ɗaki sai saman gida. Daga can ina hango ƙarafan ɗaga kaya na tashar da ka yi dako, da igiyoyin shanyar maƙwabta. Iyakar duniyata ke nan.

Kaset ɗin nan na ji shi har zaren ya tsinke, na liƙe da jan farce. Inda na fi maimaitawa shi ne zancen amya. Ka ce da ciyawa ake saƙa ta, a shafe da kashin shanu, a turara ta da hayaƙi mai ƙamshi, a rataye a reshe, sai ƙudan zuma su zo da kansu su tare. Na yi tawa da tsohon kwandon dabino. Ina zan ga kashin shanu a Karantina? Na shafe ta da taɓo, na turara ta da turaren wutar Goggo, mai tsadar nan da take ɓoyewa don baƙi. Da ta gane ta yi min faɗa sosai. Can kuma ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce ai ƙudan zuman Jidda ma ba ya shiga gida sai da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa. Gaskiyarta ce, ko ɗaya bai shiga ba. Ƙadangare ne ya tare a ciki.

Hajjin bana Alhaji Isa, maƙwabcinka na tsibiri, ya sauka wajenmu tare da matarsa Hajiya Kaltume. Ya miƙo zumarka a kwalba, mai duhu, tana ƙamshin hayaƙi. Sai ya kwance wani ƙulli, busasshen lemun tsami ya gangaro kan tabarma. Ya ce na gonarka ne, ai ka daɗe kana tsinka, har kasuwa kake kaiwa a kwale-kwale. Yana faɗa yana murna, bawan Allah bai san komai ba. Umma ta sunkuyar da kai. Goggo ta ce yalla, in tashi in ɗora shayi. A nan na gane su sun sani tuntuni.

Na ɗora shayin, na hau sama. Na kwantar da gwangwanin, tsatsa ta riga ta ci gindinsa, na ɓare shi da hannu. Baba, saiwar zagaye kanta ta yi ta yi kamar ƙullin zare, ba ta da inda za ta bi. Ashe duk shekarun nan ina jiran fure ne daga bishiyar da ko ƙuguna ba ta wuce ba.

Umma ta same ni a wajen. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ce ba mantawa ka yi ba. Ta ce sauron tsibiri yana kashe yara, asibiti kuma sai an yini a kan ruwa. Ta ce shekarar da tabki ya dawo ya cinye masararku, aikin da take yi a Abhur ne ya riƙe ka. Wanda kuma aka fitar ta tarhil, gidan da ake tara baƙi a mayar da su ƙasarsu, halas, ba ya dawowa. Ta ce kai ka roƙe ta, a wani kaset da ba a kunna min ba, a bar ni a nan inda akwai wuta da magani.

Ban riƙe ka a raina ba, Baba. Na san so ne ya sa. Amma asibitin da kake so in zauna kusa da shi, ni ma ba na shigarsa sai da takarda. Kana tsoron sauro ya cije ni. Ni kuma ina tsoron in yi furfura a bayan tankin ruwa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban iya komai na can ba. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Ban taɓa shiga kwale-kwale ba. Yaran tsibiri za su yi dariyar Hausata. Ko harbin zuma ban san zafinsa ba. Amma ina so in sani. Ina so in ga yadda kake ɗaga murfin amya, in ga ko hannunka yana nan yadda na san shi.

Alhaji Isa zai tafi da jirgin alhazai, shi zai kawo maka takardar nan. Hajiya Kaltume za ta ɗan tsaya sana'a, daga baya ta kai kanta tarhil a mayar da ita gida, kamar yadda mata da yawa suke yi. Muna wanke-wanke na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko za ta tafi da ni. Ta ce in Umma ta yarda, za ta riƙe ni kamar 'yar cikinta har bakin ruwanku.

Ba guduwa zan yi ba. Juma'ar nan zan faɗa wa Umma da bakina. In ta ce a'a, zan sake faɗa wata Juma'ar, da ta bayanta, har ta sa min albarka. Rabuwa da ita shi zai fi komai yi min wuya. Amma na daina jiran aike.

Lemon kuma na naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙen tsumma, na ba Umma ta tafi da shi Abhur. Mai kula da lambun gidan ya ce zai sa shi a ƙasa. Umma ta ɗauka gajiya na yi da ba shi ruwa.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka saƙa amya ɗaya ka ajiye min. Ka shafe ta, amma kada ka turara, kada ka rataye. Ka bar min wannan, in na zo ka nuna min da hannunka.

Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da na sauro. Allah ya sa albarka a gonarka da zumarka. Allah ya sanyaya zuciyar Umma, ya saka wa Goggo da alheri. Allah ya nuna min fuskarka muna masu rai. Amin.

Ni ce 'yarka mai kewarka,
Rukayya, Uwarka ta Karantina.