Ni Kaɗai Ce Matan Garejinmu

Anti mai fili, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na sha fara wasiƙar nan ina yagewa, don in na karanta sai in ji kamar ƙorafin wadda daɗi ya yi wa yawa. Mijina ma da na karanta masa, dariya ya yi ta yi har da riƙe ciki, sai da ya ga na haɗe rai sannan ya kama kansa. Ke ma ki yi dariyarki, ba zan ji haushi ba, amma ki ba ni amsa kafin watan nan ya ƙare.

Ni bakanikiya ce, ko in ce mai koyon kanikanci, a garejin da ake gyaran manyan motocin safa na birninmu. Ni kaɗai ce mace a wurin, in an cire wadda ke jikin kalandar ofishin Manaja, ita ma kuwa ni ce. Tun ina ƙarama nake son ƙarfe. Rediyon babanmu, Allah ya jiƙansa, ban san sau nawa na kwance shi na sha faɗa ba. Da na gama makarantar fasaha na zaga gareji-gareji, kowa sai ya ƙare mini kallo ya ce in dawo wani lokaci. Manajan nan ne kaɗai ya ce in zo, ya kuma tsaya mini lokacin da wasu suka ce ba za su yi aiki da mace ba. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada ki ɗauka mugun mutum ne. Wallahi kamar uba na ɗauke shi.

To kin san dai ƙasarmu ta je wani babban taro ta ɗauki alkawarin cewa mata za su kai kashi talatin cikin ɗari a ayyukan fasaha da na shugabanci. Tun daga nan masu auna ci gaban mata suka sa mu a gaba. Yau kwamiti, gobe tawaga, jibi 'yan jarida. Duk ranar da za su zo, sai a leƙo ramin da nake kwance a ƙarƙashin mota a ce Manaja na kira. In fito, in wanke hannu tas da sabulu, in sa wata rigar aiki ta musamman da ake ajiyewa a kabad ɗinsa a goge, a miƙo mini wata sifana mai ƙyalli wadda tun da aka ƙera ta ba ta taɓa kama noti ba. Sannan mai hoto ya lakato baƙin mai da ɗan yatsa ya shafa mini a kumatu, wai don a ga alamar aiki. Anti, baƙin man gaskiya fa na gama wankewa!

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai sauran sassa suka fara aro na. Sashen direbobi ba su da mace ko ɗaya, sai aka ɗora ni a kujerar direba na riƙe sitiyari ina murmushi, alhali ko lasin babbar mota ba ni da shi. Sashen wutar mota suka sa mini hular kwano suka ba ni waya in riƙe. Akwai ranar da aka zaunar da ni a teburin taron shugabanni da fayil a gabana, aka ce in riƙa gyaɗa kai. Na buɗe fayil ɗin, ashe takardun odar taya ne na shekarar da ta wuce. Da rahoto ya fito, sai ga shi an rubuta cewa mata sun shiga sassa huɗu na ma'aikatarmu, kuma abin a yaba ne. Ni ce matan nan gaba ɗaya. Wata baiwar Allah a cikin tawagar har tana tambayata ko direbar nan 'yar'uwata ce, don kamar ta yi yawa. Na ce mata eh, muna kama sosai, me zan ce?

Abokan aikina tuni suka daina kiran sunana, Kashi Talatin suke ce mini. In na shigo da safe sai wani ya ɗaga murya ya ce a gyara zama, ci gaba ya iso. Mijina kuwa, malamin makaranta ne mai bakin tsiya, kullum na dawo sai ya tambaye ni wacce ce ta dawo yau, direba ko darakta, don ya san irin gaisuwar da zai yi. Mamata ta fi kowa. Ta tara kalandun nan ta jera a bangon ɗakinta, duk baƙuwar da ta zo sai ta zagaya da ita tana nuna mata muƙamaina ɗaya bayan ɗaya, baki har kunne. Na yi mata bayani har na gaji, ta ce hoto ba ya ƙarya.

Ki yi haƙuri in ƙara wannan, don yana ci mini rai. Ba mu da banɗakin mata. Ranar da wata tawaga za ta zo, sai aka rubuta MATA da fenti a ƙofar sito, aka kulle. Suka wuce suka gani suka rubuta a takardarsu. Tsofaffin tayoyi ne a ciki har yau, ni kuma gidan man da ke tsallaken titi nake zuwa, har ma'aikatansu sun ɗauka saye nake zuwa yi ina fasawa.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Kafin a ba mutum takardar ƙwarewa a wurinmu, dole ya yi jarrabawar aiki da hannu: a ba ka injin da aka sauke, ka kwance shi, ka gano cutarsa, ka ɗaure, ya tashi a gaban mai jarrabawa. Sau ɗaya mutumin yake zuwa a shekara. Bara na rasa, saboda an ɗauke ni zuwa wani taro inda na wuni a kan dandamali ana tafa mini, ban ce uffan ba. Waɗanda suka zo bayana sun ci tasu, yanzu su ke aikena in miƙo musu kayan aiki. Babban bakanikenmu, wanda muke kira Kawu, shi yake koya mini, kuma ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa wa'adin koyona bana zai ƙare. In ban zauna jarrabawar nan ba, za a cire ni daga gareji a mai da ni ofishin hulɗa da jama'a, in zauna da waccan gogaggiyar rigar har abada.

To an sa ranar jarrabawa, kuma ita ce daidai ranar da babbar tawagar ƙasa za ta zo, wadda za ta haɗa rahoton da za a kai wa duniya a ga inda muka kai da alkawarinmu. Manaja ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya roƙe ni da murya mai rauni. Ya ce in muka samu maki mai kyau za a ba shi izinin ɗaukar sababbin 'yan mata masu koyo, kuma wannan ne aikinsa na ƙarshe kafin ya yi ritaya. Ya ce zai san yadda zai yi da maganar jarrabawa, amma haka ya ce bara. Na ce zan yi tunani. Kuma gaskiya hotunan nan ba banza ba ne gaba ɗaya, don akwai wata yarinya da ta tare ni a tasha ta ce saboda ta gan ni a allon talla ta shiga makarantar fasaha. Na dawo gida na yi kuka ranar.

Anti, in na tafi jarrabawa na kunyata mutumin da ya buɗe mini ƙofa, wataƙila kuma na rufe wa wasu. In na tsaya hoto, sana'ar da nake so tun ina yarinya ta kuɓuce mini. Ba na barci sosai, na rame, mamata kuma ta ce ramar manyan ma'aikata ce. Me zan yi?

Taki a cikin damuwa,
Kashi Talatin


Ƙanwata Kashi Talatin,

Na yi dariyar, tunda kin ba ni izini, musamman wajen ƙofar sito. Amma da na kai ƙarshe dariyar ta tsaya. Amsata a taƙaice ita ce ki je ki yi jarrabawarki. Sauran bayanin duk na yadda za ki yi ne ba tare da kin ci fuskar kowa ba.

Bari in fara da Manaja, don ya cancanci a yi masa adalci. Ya ɗauke ki lokacin da kowa ya ƙi, wannan alheri ne kuma kada ki taɓa mantawa. Shi ma matsa masa ake yi daga sama a kan ya kawo adadin da ba shi da shi, sai ya kama abin da ke kusa, wato ke. Ban ga mugunta a nan ba, na ga mutumin da ya saba da hanya mai sauƙi har ya daina ganin wadda ke biyan kuɗin sauƙin. Sai dai ki tuna abin da ya ɗauke ki ki zama. Bakanikiya ya ɗauka. In kika ƙare a ofishin hulɗa da jama'a, alherin nasa ne ya tashi a banza, ko da bai lura ba yanzu.

Maganar sababbin 'yan mata kuwa tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ki tambayi kanki, in sun zo wa za su tarar a ramin gyara? Wa zai koya musu, wa zai gaya musu inda za su je in sun matsu? Yarinyar da ta tare ki a tasha hoto ne ya jawo ta, na yarda. Abin da zai riƙe ta a sana'ar shi ne ta ga mace mai takardar ƙwarewa tana ba maza umarni su miƙo sifana.

Su kuma masu auna ci gaba, aikinsu yana da amfani, kada ki tsane su. Ƙasa ta yi alkawari, dole a duba ko tana cikawa. Amma ke kin fi ni sanin abin da ke faruwa da motar da allurar manta ta maƙale a kan cikakke: direba yana tafiya hankali kwance har ta mutu masa a tsakiyar titi da fasinjoji. Duk lokacin da aka ƙirga ki sau huɗu, ana gaya wa masu iko cewa ba sauran aiki a garejinku, su kai ɗauki wani wuri. Waɗanda za a ɗauka a sashen direbobi ba za a ɗauke su ba, tunda a takarda akwai direba, kuma tana kama da ke sosai.

Ga abin da za ki yi. Kada ki jira sai ranar ta zo. Ki samu Kawu ya raka ki wurin Manaja a cikin satin nan, a keɓe, ba a gaban mutane ba. Ki fara da godiya, ki faɗe ta da gaske. Sannan ki gaya masa kin yanke shawarar zama jarrabawa, kuma ba neman izini kika zo ba, sanarwa ce cikin ladabi. Ki ba shi mafita: in tawagar na son ganin mace a garejinsu, ya sauko da su su tsaya daga nesa su kalle ki kina kwance inji a gaban mai jarrabawa. In shi mai wayo ne, zai gane babu hoton da ya kai wannan. In ya ji haushi, ki bar shi ya huce, kada ki mayar da magana kuma kada ki janye.

Ban ce ki tona masa asiri ba. Amma in wani a cikin tawagar ya tambaye ki ku nawa ne, ki ce ke kaɗai ce, ki yi shiru. In suka tambayi abin da kike buƙata, ki roƙi a kwashe tayoyin nan a sa famfo. Mama ki ƙyale ta da kalandunta, ba ta cutar da kowa. Maigida kuma tunda yana da bakin tsokana, ya yi amfani da shi ya riƙa yi miki tambayoyin bita bayan cin abinci.

Abu na ƙarshe, don na san yana ranki ko ba ki rubuta ba. Kina tsoron ki ƙi hoton kuma ki faɗi jarrabawar, a ce ga ta nan. Zai iya faruwa, maza ma suna faɗi, ba a kuma cewa duk maza sun faɗi. Ke ba duk matan ƙasar nan ba ce, ƙanwata, mutum ɗaya ce mai koyon sana'a, kuma kina da haƙƙin ki gwada kanki kamar kowa. Ki ci abinci, ki yi barci, ki je da natsuwarki.

Allah ya daidaita tsakaninki da Manaja, ya ba hannunki sa'a, ya sa injin ya tashi a murɗawar farko.

Antinki