Gurmin Baba a Hannun 'Yan Tsatsa

Stratford, Landan
3 ga Yuni

Yaya Wahabu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, da Anti Ajara da yara. Yaya ƙafar Inna?

Albishirinka. Gurmin marigayi Baba da ka damƙa mini amana ya samo mini abokan kiɗa. Ran Asabar ba ni da tuƙin bas, ina kaɗawa a bakin tashar Stratford, sai wani dogon Bature mai karkataccen hanci ya tsaya ya ƙi tafiya. Declan sunansa, mawaƙin wata ƙungiya daga Ostireliya, ma'anar sunanta Tsatsa. Kiɗansu blus ne mai yaji, jita tana kuka, ganga tana dukan ƙirji. Ya rantse gurmi kakan jitarsa ne.

Tarihinsu kuwa duk faɗa ne. Shi da Bronwyn, matar da ke buga musu ganga, suka fara a garejin wani garin mahaƙa ma'adinai shekara goma sha biyar da suka wuce. A wasansu na farko wani mashayi ya jefe ta da kwalba, haƙoranta biyu suka zube, Declan ya fasa jitarsa a kan mutumin. Suna yawo da wani allo da aka kafe guntayen kayan kiɗa a jikinsa da ƙusa, kowanne da suna a ƙasa. Tara na ƙirga. Na yi dariya na ce Allah ya shirya, ban tambayi komai ba.

Sun yi booking ɗina wasan rana a Plumstead. Ka gaya wa Inna ba abin da zai taɓa kiranmu na Juma'a. Ina dawowa daga masallacin Regent's Park zan kaɗa mata taken Baba a waya kamar kullum.

Ƙaninka,
Nata'ala

16 ga Yuni

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna a kumbure yake.

Ashe allon nan al'ada ce. Duk sabon ɗan ƙungiya, a ƙarshen wasansa na farko sai a fasa kayan kiɗansa a bainar jama'a, alamar an karɓe shi. Kowa a filin ya sani sai ni. Wai ɓoye mini suka yi don su ba ni mamaki.

Muna gama waƙar ƙarshe Declan ya rungume ni, ya zare gurmin daga wuyana, ya ɗaga sama. Na ɗauka nuna wa mutane zai yi. Sai ya maka shi da ƙasa. Ƙwaryar ta tarwatse, fatar da Baba ya ɗaura da hannunsa ta yage, ya bi ya take da takalmi yana dariya.

Yaya, idona ya rufe. Na kai masa naushi a hancin nan, jini ya ɓalle masa har ƙirji. Ya faɗi ya dafa ƙasa, na fizgi ƙarfen makirufo na sauke masa a hannu, sau biyu, har na ji ƙashi ya ce ƙas. Jama'a sai tafi da ihu, sun ɗauka cikin wasan ne. Bronwyn ta shaƙe ni ta baya na yar da ita kan gangunanta. Sai da ƙarti uku suka danne ni.

'Yan sanda sun sake ni, Declan ya ce musu haɗari ne. Tun firamare ban ɗaga wa mutum hannu ba. Ina jin kunya, kuma har yanzu zuciyata tafasa take.

Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Nata'ala

21 ga Yuni

Yaya,

Barka da Juma'a, a gaida gida.

Jiya Bronwyn ta zo flat ɗina da goshi a ɗinke. Ta kawo guntayen gurmin a leda, da sabon banjo, wani molon Turawa mai sheƙi. Wai wannan ne sauran al'adar, tun kafin wasan suka saya mini. Ta ce yatsun Declan uku sun dagargaje, likita ya ce da wuya ya sake danna tsirkiya. An yi cancel ɗin sauran wasanni, Tsatsa ta watse. Na ba ta labarin Baba. Ta yi ta kuka, ta ce shekara goma sha biyar suna fashe-fashe, ba su taɓa tambayar kowa daga ina kayansa ya fito ba. Ni ma da na yi tambaya a kan allon nan, da yanzu mutumin yana da hannu.

Ɗazu Inna ta kira. Wauta ta ɗebe ni, na cire wa banjon tsirkiyoyi na bar biyu, na kaɗa mata taken Baba. Ko kuskure ɗaya ban yi ba. Na gama. Sai ta kira sunana, ta tambaye ni ina na kai babana.

Na kashe wayar. Don Allah ka je ka zauna kusa da ita ka karanta mata wasiƙar da ta gabata, kada ka tsallake komai.

Ka yafe mini amanarka.

Ƙaninka,
Nata'ala