Ƙarin Albashi da Karatun Najwa

Yalwawa, Dutse
Oktoba, 2024

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Na rubuto ne saboda na san kunnenka ba ya ɗaukar maganar waya yanzu.

Ka ji dai an ce za a mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu saba'in. Ranar da aka sanar, masinjojin ma'aikatar su Baban Najwa har shayi suka sha don murna. Kafin kuɗin su shigo hannu, mai gidan da muke haya ya aiko cewa ya ƙara kuɗi, mai shinkafa ma ya ƙara nasa. Shekaranjiya Baban Najwa ya dawo daga kasuwa, ya ajiye leda a gabana, ya ce, "Zulfa, na gaji. Zan ajiye aikin nan mu koma Miga in yi noma."

Baba, yana jin maganarka fiye da ta kowa. Don Allah ka hana shi.

Ka gaida Inna da Kamilu.

'Yarka,
Zulfa

Miga
Nuwamba, 2024

Zulfa 'yata,

Na amsa gaisuwa, Allah ya yi miki albarka. Takardarki ta same ni muna ɗaurin dawa, shi ya sa amsa ta yi jinkiri.

Abin da ya samu mijinki Abdurrahim ba baƙo ba ne a wurina. A 1981, ina sabon ma'aikacin gandun daji, aka mayar da albashin ƙaramin ma'aikaci naira ɗari da ashirin da biyar. A watan na sayi keke, na yi wa innarki turmin atamfa, kuma muka ci nama. Na ɗauka wahala ta ƙare. Shekaru kaɗan bayan nan aka ce bashin waje ya yi wa ƙasa yawa, sai an tsuke bakin aljihu. Darajar naira ta faɗi, albashin nan ya koma ba ya kai mu tsakiyar wata. Daga nan an yi ta ƙari har na yi ritaya, kuma kowane ƙari da na gani, kasuwa ce ta riga ni karɓarsa.

Akwai shekarar da aka ce an yafe wa ƙasa bashinta. Muna zaune a gindin darbejiyar masallaci muka ji a rediyo, Malam Ikrima ya ce to jikokinmu sun huta. Yanzu rediyon nan dai kullum zancen sabon rance take yi, jikokin kuwa su ne su Najwa.

Saboda haka ba zan iya duban mijinki in ce ya yi haƙuri gyara na tafe ba. An faɗa mini haka, na jira. Gonata ta gabas tana nan, ƙarfina ya ƙare, ɗan'uwanki Kamilu kuma shagonsa ya ɗauke masa hankali. Idan Abdurrahim ya zo, ba zai rasa abin yi ba. Ke me ya tsorata ki da gida?

Innarki tana gaishe ku.

Mahaifinki,
Barau

Yalwawa, Dutse
Disamba, 2024

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan an gama shigar da amfanin gona lafiya.

Na karanta takardarka ni kaɗai, ban nuna wa Baban Najwa ba. Ka yi tambaya, zan ba ka amsa, ka yi mini afuwa idan na wuce iyaka.

Ba gida nake tsoro ba, kuma ba noma ba. Najwa ce. Tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, malamarsu har gida ta zo ta ce kada mu bari yarinyar nan ta tsaya. Idan muka tashi yanzu, na san yadda za a yi. Za a ce a bari sai an daidaita, sai an sayar da amfani, sai baɗi.

Haka aka ce mini ni ma. Ina aji biyu lokacin da albashinka ya kasa ɗaukar karatunmu duka, aka ce in zauna zango ɗaya kawai. Ban taɓa ganin laifinka ba, Baba, na ga yadda kake dawowa daga aiki ka wuce gona ba ka ci komai ba. Amma har yau idan na bi ta ƙofar makarantar Najwa ana tashi, sai in rage tafiya.

Sabon albashin an ce wannan watan zai fito. Na ce wa Baban Najwa ya jira ya gani, ya ce, "Na gan shi tun bai zo ba." Ya riga ya rubuta takardar barin aiki, tana aljihun rigarsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Zulfa

Miga
Janairu, 2025

Zulfa,

Gaisuwa da sa albarka.

Abdurrahim ya zo ranar kasuwa, mun zaga gonar tare. Bai sauya shawara ba, ni ma ban matsa masa ba. Kafin damina za ku dawo.

Washegari na shiga mota na zo Dutse, ban biyo ta wurinku ba, na sauka gidan gwaggonki Luba. Ta ware wa Najwa ɗaki. Hatsin da yarinya za ta ci daga rumbuna zai fita, kuɗin makaranta daga fanshona, abin da ya gaza sai in sayar da tunkiya. Mijinki ya amince tun ranar da ya zo, Kamilu ne shaida.

Ki gaya wa amaryata Najwa, kakanta ya ce kayanta kawai za ta mayar wata unguwa. Ranar Litinin mai zuwa ta tafi makaranta.

Mahaifinki,
Barau