Tuwon da Ya Je Masar da Ɗuminsa

Ƙofar Sauri, Katsina.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya baƙunta? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Malam, ɗanka Siddiq ya tona maka asiri a waya. Wai tun da ya kai ka asibitin nan na Alƙahira ka kafe ba ka cin abincinsu, likita kuma ya ce ba zai yi aikin zuciyar ba sai ka yi ƙarfi. Haba Malam! Da girmanka? Wallahi na ji tsoro, har na yi kuka.

Alhaji Shehu mai atamfa na Babbar Kasuwa zai taso yau, shi zai kawo maka wannan takarda da kular abinci guda. Tuwon dawa ne da miyar kuka, da man shanu yadda kake so. Na naɗe kular da bargo kamar mai kai abinci gona. Ɗiyarka Ramla tana ta yi mini dariya, wai daga filin jirgin Kano zuwa na Alƙahira kilomita dubu uku ne da ɗoriya. Ni ban san kilomita ba. Na dai san kakana ya bi hanyar gabas a ƙafa, bai dawo ba sai da furfura. In tuwon ya lalace a zubar, in bai lalace ba ka ci don Allah.

Taka,
Jummai.

Ƙofar Sauri, Katsina.

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? A gaishe mini da Siddiq, Allah ya yi mishi albarka.

Alhamdu lillahi! An yi aiki, an tashi lafiya. Na yi sujada a tsakar gida, na dama kunu na raba wa maƙwabta. Alhaji Shehu kuwa ban san da bakin da zan gode mishi ba. Ashe sai da ya rage kayansa kafin kular ta samu wuri a jaka, bai ko faɗa mini ba, a bakin matarsa na ji. Tunda zai sake komawa, ga wannan takarda a hannunsa.

Siddiq ya ce da aka kwance bargon kular da sauran ɗumi, ka sa hannu ka cinye tas, washegari har ka karɓi shinkafarsu. Ramla ta daina dariya.

Ranar da kuka tafi na yi maka bankwana irin wanda aka yi wa kakana, ban sa rai da dawowarka ba. Ashe duk nisan nan bai isa ya sa tuwona ya huce ba. To Malam, ba ka da sauran hujja. Ka warke ka dawo, tukunya na kan murhu.

Taka har kullum,
Jummai.